Ƙunar Dutsen Guga a Sararin Sama

Kun dame ni da saƙo. "Ya aka ƙare a gidan su Allura?" "Ka je ko ka gudu?" To ku zauna. Wanda yau ya fara biyo ni zan ba shi a gajarce, don ba ni da haƙurin dogon bayani.

Ni ne Mara Ciki.

E, shi. Na fim ɗin nan da kuke tura wa juna kuna dariya. Mu da muka yi shi Tsalle-Ɗaya muka sa wa jarumin. Mutum ne da ke tsallake bene da tsalle guda, sai dai bai taɓa sauka inda ya nufa ba. Ya nufi ɓarawo, ya faɗa tankin ruwa. Ya nufi motar da ta ƙwace, ya faɗa kan igiyar shanya ya fito da siket a wuya. Wanda zai fito a jarumin bai zo ba ranar ɗauka. Darakta ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tsayinku ɗaya. Sa kayan." Na sa. Fuska a rufe take, ido kawai ake gani. Kuma ni ɗin dai na zauna gaban kwamfuta na haɗa hoton.

Ga yadda ake yi. A tsayar da mutum gaban koren ƙyalle a ɗauke shi, sai kwamfuta ta cinye duk abin da yake kore, ka sa sama ko gini a gurbinsa. Mu ba mu da koren ƙyalle. Allura ta ce akwai. Tela ce, shagonta na kallon shagon da nake buga wa mutane takardu, daga aron caja muka saba, har ta kai mu ga soyayya. Ta je gida ta kwance labulen falon Ummanta, falle biyu, ta ce za ta kai shago ta gyara masa baki. Ita kuma ta ɗinka kayan jarumin, ja da rawaya, da mayafi a baya. Darakta ya kafe sai an sa tauraro daidai kan cikin jarumin. Yadi ya ƙare. Ta ɗauki almakashi ta yanko tauraron daga tsakiyar falle na biyu.

Kun gano?

Ni ban gano ba sai da aka mayar da kyamarar aro, kowa ya watse, na zauna haɗawa. Kwamfuta ba ta san tauraro ba, kore ta sani. Ta cinye labule, ta haɗa da cikina. Jarumi na tsalle, gajimare na wucewa ta cibiyarsa.

Akwai kuma na biyu. A jikin fallen da muka rataya akwai wata tsohuwar ƙunar dutsen guga, ruwan ƙasa, mai tsini. Ita ba kore ba ce, don haka kwamfuta ta bar ta. Duk inda jarumi ya tashi sama, ga ta nan a gefen kafaɗarsa tana shawagi. Na rufe ta da gajimare a wasu wuraren, na gaji, idona ya yi ja. Darakta ya ce, "Bar shi, wa zai lura?"

Kowa ya lura.

Na hana kaina karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin fim ɗin, amma hannuna ba ya jin magana. Wani ya ce wutar da ke fita daga idon mugun fim ɗin kamar ɗan firamare ya zana ta da jan biro. Wata ta ce ta yi dariya har mijinta ya zaci kuka take. Wani ya ce a kama mu. Wani mai dogon bayani ya rantse da gangan muka huda cikin, wai saƙo ne kan yunwa. Ita kuwa ƙunar, faɗa aka yi a kanta sosai: jirgin baƙin halittu ne, a'a, shaho ne, a'a, mugun kashi na biyu ne yake leƙe. Har zage-zage.

Wanda ya fi ci min rai ba a waya yake ba. Kawuna ne, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, a gidansa nake kwana. Maƙwabci ya nuna masa fim ɗin. Muna cin abinci ya ture kwano ya ce, "Ƙato da gemunsa ya sa kayan yara yana faɗawa kwata. Wanda ya haifi wannan ya yi asara." Na ce, "Haka ne, Kawu." Na ajiye lomar da ke hannuna.

A cikin wannan halin Baban Allura ya ce in zo ya gan ni.

Ranar da zan je, tun safe wayata ke ƙara da saƙonnin Allura.

"Ka tashi?"

"Ban kwanta ba balle in tashi."

"Ka ce aikin kwamfuta kake. Ba ƙarya ba ce ai."

"To."

"Kar ka sa jan takalmin nan. Shi ne a fim."

"Shi kaɗai gare ni mai kyau."

"Wallahi in ka sa shi kar ka zo."

"Labulen fa?"

Ta daɗe tana rubutu tana gogewa. Sannan: "Yana ƙarƙashin keken ɗinki a shago. Umma ta tambaya jiya ma. Kar ka kalli taga."

Na sa farar riga, na cire, na sa shuɗiya, na koma farar. Na ari takalmin Kawu ba da saninsa ba, baƙi, mai matse ɗan yatsa. Turare na fesa har sai da na yi atishawa. A hanya sau biyu ina juyawa kamar zan koma.

Yayanta ne ya buɗe min ƙofa. Dogo, yana aiki a kantin magani, irin mutanen da ke gaisawa da kai suna karanta fuskarka kamar takardar likita.

"Kai ne?"

"Ni ne, Yaya. Ina wuni?"

"Shigo."

Falon ba babba ba ne. Kujeru masu ruwan toka an lulluɓe hannuwansu da saƙa, fanka na juyi da ƙara, kabad cike da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. An ce kar in kalli taga, ita na fara kalla. Zanin gado ne a rataye, mai furanni, an maƙale shi da abin shanya. Sandar labulen da zobbanta suna sama, tsirara.

Baba na kan doguwar kujera, tsohon direban babbar mota, gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya ƙifta ido da yawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kalma biyu. Umma ta amsa da fara'a, ta tambayi mutanen gida. Daga kusurwa wata murya ta ce, "Matso in gan ka. Wannan ne zai ƙwace min jika? Kai, ba ka cin abinci ne? Ni dai ban yi miji ba."

"Kaka, ai ke na zo gani, ita rakiya ce."

"Ji bakinsa! Zauna."

Allura ta shigo da tire, shayi da biskit. Doguwar riga mai ruwan zuma, mayafi fari, zaren ɗinki ɗaya manne a hannun rigar ba ta sani ba. Ba ta kalle ni ba. Takalmina da ke bakin ƙofa ta kalla, ta sauke numfashi, ta koma bayan kujerar Umma ta tsaya.

Baba ya tambayi aikina. Na ce kwamfuta. Ya ce, "Kwamfuta me?" Na ce buga takardu, gyaran hoto, da sauransu. Ya maimaita, "Da sauransu." Fanka ta ci gaba da ƙara.

Sai Kaka ta buga sandarta a ƙasa.

"Ku kunna min Mara Cikina. Lokacinsa ya yi."

Shayi ya kusa fita ta hancina.

"Haba Kaka, muna da baƙo," in ji Yaya.

"Baƙon ba shi da ido ne? Kunna!"

Umma ta ce min, "Kullum sai ta kalla. Ni ban taɓa zama na gani ba, ina jin ihunta dai daga kicin." Yaya ya haɗa wayarsa da talabijin yana tsaki. Kiɗan da na zaɓa da hannuna ya cika falon. Ga ni nan, ja da rawaya, hannu a ƙugu, tsuntsu na ratsa cikina.

Kaka ta fara tun kafin a yi komai. "Ga shi! Ɗan albarka! Yanzu zai faɗa tanki, ku duba, ku duba!" Na faɗa tanki. Ruwan da na zana ya tashi kamar auduga, taurari suka zagaye kaina suna ƙara. Ta riƙe ciki tana tari.

"Wannan abin kunya ne," in ji Yaya. "Dubi wuta. Dubi yadda mota ke tashi kamar kwali. Mutane na can suna yin fim na gaske, mu kuma ga abin da muka iya. Zaman banza ne ya yi musu yawa."

"Kai da ba ka zaman banza, wa ka taɓa sa wa dariya?" in ji Kaka. "Fuska kamar maganin tari."

"Dariyar raini ce ake musu, Kaka."

"Ni tawa ta daɗi ce. Da ya ceci tsohuwar nan daga rijiya ya faɗa shi, ba ka ga sai da ya tabbata ta fita ba tukun? Yaron kirki ne. Sauka ce kawai bai iya ba."

Ban san lokacin da na dube ta ba. Duk cikin masu rubutu a waya babu wanda ya ga wannan.

Yaya ya juyo kaina. "Kai da ka san kwamfuta, faɗa mata gaskiya. Wannan aiki ne?"

Allura ta kafe ni da ido daga bayan kujera. Ɗan yatsana na zafi, ko da yake takalmin na waje.

"Akwai... kurakurai," na ce.

"Kurakurai! Ka ji mai kunya. Wanda ya haɗa wannan ko allon shago bai kamata a ba shi ya rubuta ba."

"Wataƙila kayan aiki ne ba su da shi."

"Hankali ne ba su da shi."

Na sha shayin da ya riga ya huce. Baba bai yi dariya ba, bai yi tsaki ba, talabijin kawai yake kallo kamar mai tuƙi a doguwar hanya.

Aka zo wurin tsalle na ƙarshe, inda na gaji ban sa gajimare ba. Sama fes, shuɗiya. Jarumi a tsakiya. A gefen kafaɗarsa, abin nan ruwan ƙasa mai tsini.

"Ga jirgin," in ji Yaya. "Har yau ba wanda ya san mene ne."

"Tsaya," in ji Umma.

"Na'am?"

"Tsayar da shi. Koma baya kaɗan. Nan."

Ta tashi. Ta gyara tabarau. Ta je gaban talabijin har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta sa yatsa ta bi gefen abin, daga tsinin zuwa gindi, ta tsaya kan wasu 'yan ɗigo uku a tsakiya.

"Wannan dutsen gugana ne."

Ba wanda ya yi motsi.

"Tsohon, mai igiyar zare. Ga ramukan tururinsa." Ta juya a hankali ta dubi zanin gadon da ke taga. Sannan ta dubi 'yarta. "Ke. Ina labulena?"

"Umma, yana shago, bakin ne ban..."

"Me ƙunar labulena take yi a sama?"

Yaya ya miƙe. "Ke kika ba 'yan iskan nan labulen gidanmu? Da su kike hulɗa? Wane ne a cikinsu? Faɗi!"

Allura ta ƙanƙame tiren da ke hannunta. Ta buɗe baki. Na san abin da za ta ce, na gan shi a fuskarta: wata ƙawa ce ta ara, ba ta san me za a yi da shi ba. Za ta ɗauka ita kaɗai, ni kuma in fita da farar rigata ba tabo, mai aikin kwamfuta da sauransu.

Ban yi shawara da kaina ba. Na sauko daga kujera na durƙusa.

"Umma, ni na roƙe ta. Ni na haɗa hoton." Na ƙara: "Kuma ni ne a cikin kayan."

Kaka ta saki sanda. "Kai ne Mara Cikina?"

"Ni ne, Kaka."

"Ɗaga rigar in gani!"

Ba wanda ya yi dariya sai ita. Yaya na huci, yana cewa a gaban idonsa na zauna ina shan shayinsu ina ƙarya. Umma ta koma ta zauna ta rufe baki da mayafi, ban san ko fushi ba ne ko wani abu. Allura ta ajiye tiren a ƙasa.

Baba ya ɗaga hannu. Falon ya mutu.

"Ƙunar nan ni na yi ta," ya ce. "Lokacin da aka haifi wannan." Ya nuna Allura da haɓa. "Uwarta na kwance, na ce bari in goge labule kafin 'yan barka su zo. Ban taɓa guga ba, ban kuma sake ba. Tun ranar da tsohuwa ta fara kunna fim ɗin nan na gane ta."

"Ka sani ka yi shiru?" in ji Umma.

"Ina jiran in ga wa zai faɗa." Ya dube ni. Idon nan da ba ya ƙiftawa. "Da na tambaye ka aikinka, me ka ce?"

"Da sauransu, Baba."

"Fim ɗinku ba shi da kyau. Motar nan ko makaho ya san kwali ce. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Mutumin da ke jin kunyar abin da hannunsa ya yi, gobe in an yi wa matarsa dariya a titi, zai ce bai san ta ba."

Na sunkuyar da kai.

"Gobe da rana ka kawo labulen nan ka rataya shi da hannunka. A ƙafa za ka zo, daga shago. Cikin kayan." Ya nuna talabijin. "Ban da abin rufe fuskar."

"Baba!" in ji Allura.

"Ban ce dole ba. In bai zo ba, ke ki kawo labulen, shi ke nan, mun san inda muka tsaya."

Ban san yadda na fita ba. Na tuna dai na sa takalmin Kawu a juye sai da na kai bakin titi.

Saƙonta ya riga ni isa gida.

"Kar ka yi. Zan lallashe shi."

"Ki goge kayan."

"Kowa zai gan ka. Za a ɗauka a waya. Kawunka fa?"

Na daɗe ina kallon kalmar. Kawu na tsakar gida yana sauraron rediyo, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Ki goge kayan," na sake rubutawa. "Kar ki ƙona."

Ta turo fuskar kuka da ta dariya a haɗe.

Washegari rana ta take. A bayan shagonta na sa kayan. Sun matse ni fiye da da, ko tsoro ne ya kumbura ni. Ta ɗaura min mayafin, ta ɗora min labulen a kafaɗa, falle biyu, a ninke. Jan takalmina na sa. Ta riƙe hular rufe fuskar ta rasa inda za ta ajiye ta, sai ta cusa a jakarta.

"In ka ji ba za ka iya ba, ka juyo. Ba zan ce komai ba."

"Matsa min hanya."

Mai gyaran babur ne ya fara gani. Ya saki sifana. "Kai! Mara Ciki! Jama'a, ashe ɗan shagon takardu ne!" Kafin in kai kwana titi ya cika. Wayoyi sama. Wani na ihu in yi tsalle. Wata mai sayar da lemo ta ce, "Allah ya shirya," ta kuma ce in tsaya ta ɗauke mu tare. Wani mai mota ya sauke gilashi ya ce fim ɗinmu ya ɓata masa data. Wani dattijo ya tare ni da gaske, ya riƙe hannuna, wai don Allah in gaya masa, abin nan na sama jirgi ne ko shaho?

"Dutsen guga ne, Baba."

"Ƙarya kake!" Ya tafi yana fushi.

Ban gudu ba. Na so. Amma labulen na da nauyi, kuma na san tana bayana da nisa, tana tafe da jakarta a ƙirji.

Yaya ya buɗe ƙofa. Ya dube ni, ya dubi taron da ke bayana, ya matsa gefe. Na cire takalmi. Na hau kujerar katako na sauke zanin gadon, na shiga zura zobba ɗaya bayan ɗaya. Mayafin na ta shiga tsakanin ƙafafuna. Kaka na ƙasa tana addu'a in faɗo, wai ko sau ɗaya ta gani ido da ido.

Na ja fallen farko. Ga ƙunar Baba, ta dawo gida. Na ja na biyu.

Umma ta yi salati. Ba ta san da ramin ba. Tauraro ne sosai a tsakiyar labulenta, rana ta biyo ta cikinsa ta sauka kan kafet. Na sauko na tsaya ina neman kalmar ban haƙuri, ban lura inda na tsaya ba. Hasken ya faɗo daidai kan cikina.

"Ga cikinka ya dawo!" in ji Kaka.

Wani sauti ya fito daga doguwar kujera, kamar tsohuwar mota na neman tashi. Baba ne. Kafaɗunsa na girgiza. Umma ta harare shi, ta harari ramin, bakinta ya ƙi ba ta haɗin kai.

"Kar a toshe shi," in ji Baba yana share ido. "Ni na ƙona ɗaya, su sun huda ɗaya." Ya dube ni. "Je ka cire wannan abin kafin ka shaƙe. Ka turo min manyanka."

Allura ta ruga ciki da gudu. Na ji ƙarar tire ya faɗi a kicin.

Manyana.

Babba ɗaya gare ni a duniya. Ina tsaye a ƙofar gidansu, ja da rawaya, ina ɗaura igiyar takalmi, wayata ta yi ƙara a cikin mayafi. Saƙo daga maƙwabcinmu, bidiyo ne: ni a tsakiyar titi, fuska a buɗe, labule a kafaɗa. A ƙasa ya rubuta, "Na nuna masa."

Ban gama karantawa ba kira ya shigo. Sunan ya cika fuskar wayar.

Kawu.

Na gyara mayafina. Na ɗauka.